Gudun da Na Ƙara wa Injin Isufu

Ku yaran yanzu kuna shigowa butik ɗina, ɗan shagon gyaran nan, da waya a hannu, kun kalli bidiyon minti huɗu, wai Baba Lawali a yi muku obakulok don ƙwallon da kuke bugawa a ordinatar, wato kwamfuta, ya daina tsinkewa. In na ce a'a, ku fita kuna cewa tsohon tsoro yake ji. Ina jin ku, bangon na langa-langa ne. Abin nan da kuke ba dogon suna, wato a tilasta wa ƙwaƙwalwar inji ta yi gudun da ya wuce wanda aka ƙera ta da shi, ni na fara yin sa a Matameye, lokacin wasunku suna goye. Ya yi kyau kwana goma sha tara. A dalilinsa wata mata mai marayu uku a Ɗan Barto ta rasa rijiyarta. Tunda faɗa da baki ba ya shigar ku, ga shi a rubuce. Na bar lakwal, wato makarantar boko, ban ci sartifika ba, sai ku yi haƙuri da rubutun.

Aikin farko da aka bar ni na taɓa da hannuna radiyo ce mai kaset biyu, ta wani direban babbar mota. A Damagaram ne, wurin maigidana Malam Mutari, wanda na yi shekara bakwai a gabansa. Kafin ranar, shekara biyu na yi ina ware ƙusoshi a gwangwanayen tumatir, ƙanana daban, manya daban, ina hura gawayi. Ƙarfen walda namu ba na kuran ba ne, wato wutar lantarki, a garwashi ake sa shi ya yi zafi, kuma in ka bari ya yi ja ka ɓata dalma. Da ya tura mini radiyon, sai na ɗauki turnabis da rawar jiki na sa a ƙusa ta farko. Ban san lokacin da ƙotar tasa turnabis ta sauka a bayan hannuna ba. Ya danna maɓalli, ƙofar kaset ta buɗe, ya zaro kaset ɗin da ke ciki, ya tashi ya kai wa direban har inda yake zaune ya sa masa a hannu. Sannan ya dawo ya ce mini injin ne aka kawo mana, abin da ke cikinsa ba a kawo mana ba. Haka yake yi da kowace radiyo, ko da kaset ɗin ta tsinke, ko da mai ita ya ce a bari ba komai. Daga baya na ji kaset ɗin direban muryar uwarsa ce, saƙon da ta aiko masa daga ƙauye.

Kayan aikinmu a lokacin ba su cika jakar leda ba. Turnabis uku, filaya ɗaya, mita mai allura da sai an ƙwanƙwasa ta take motsi, tsohon burushin haƙori da ɗan esans, wato fetur, a kwalbar magani don wanke datti. Sauran hanci ne da yatsa. Malam Mutari yakan sunsuna bayan tele ya gaya maka abin da ya ƙone tun bai buɗe ba. Yakan ɗora yatsa a kan ƙarfe ya ƙirga a zuci: in ya kai biyar bai janye ba, lafiya, in ya janye a uku, akwai magana. Wannan ƙirgen na zo da shi Matameye, kuma har yau ya fi mini lambobin da allo ke nunawa. Masu kawo gyara a lokacin sukan zauna a benci su jira, a yi hira, a sha shayi, in radiyo ta yi magana su yi maka addu'a. Yanzu mutum na tsaye a kanka yana karanta maka yadda za ka yi daga wayarsa.

Ordinatar ta farko da na buɗe ta mai buga takardu ce a gefen meri, ofishin magajin gari, tsohuwa ce, daga cikin waɗanda ake saukewa a Kwatano. Ba wanda ya koya mini. Na riƙa sayen matattu a Damagaram ina farkewa, ina haɗa ta wannan da ta wancan, har na gane wanne ne diski mai ajiye aiki, wacce ce kart mer, uwar allon da kowa ke zaune a kanta, wanne ne furosesa da ke yin lissafin. Cikin shekara uku, daga Kance har Yauri duk wanda injinsa ya ƙi tashi, wurina ake aiko shi.

Isufu mai kamera sa'ana ne, tare muka yi wasan ƙasa. Ni ina ce masa Mai Ido Ɗaya, don kullum ɗaya idon a runtse yake bayan kamera, shi kuma yana ce mini Injiniyan Gwangwani. Shi ke ɗaukar biki da suna da saukar karatu. Kamerar tana cin ƙananan kaset masu tsada, kuma uku kawai yake da su. Yadda yake aiki shi ne, in ya dawo daga biki sai ya juye kaset cikin ordinatar, washegari ya ɗauki wani bikin a kan kaset ɗin. Daga baya ya yanka, ya sa kiɗa da furanni da sunan amarya, ya bar injin ya dafa aikin kafin a zuba a faifai. Dahuwar nan ita ce ciwon kansa. Bikin awa biyu yana ɗaukar injin awa shida. Kuran kuwa a shekarar nan yakan zo da hantsi, ya ɗauke wajen la'asar, da ƙyar yake cika awa biyar da rabi. In ya ɗauke ana saura kaɗan, komai ya rushe, sai gobe a sake daga farko. Na sha ganin Isufu zaune gaban allo yana kallon layin da ke cika a hankali, yana kallon ƙwan fitila, kamar mai jiran haihuwa. Bayan kaka ne, kowa ya sayar da gyaɗa da wake, aure ko'ina, dangin amare suna yi masa sintiri a ƙofa.

Dabarar a takardar tsire na same ta. Ku yi dariya, ba komai. Mai naman bakin otogar, tashar motarmu, yana sayen tsofaffin mujallun Faransanci a kilo yana naɗe nama da su. Ran nan na buɗe nawa, sai ga hoton kart mer, mai ya jiƙa rabinsa. Na cinye naman, na shanya takardar, na kwana uku ina haɗa kalmomi da ɗan Faransancin da ya rage mini. Takardar ta ce akwai wata lamba a cikin inji, in ka ƙara ta, furosesa zai ƙara gudu kyauta, ba tare da ka sayi komai ba. Ta ce a yi hankali da zafi. A ƙasan bayanta an rubuta cewa bayanin ya ci gaba a shafi na gaba. Na koma wurin mai nama, ya ce shafi na gaba ya tafi da naman wani.

Ranar Talata na yi aikin, da safe, tun kuran bai zo ba. Na kwance murfin injin Isufu na ajiye gefe. Na cire fankar da ke kan furosesa, na goge tsohon man da ya bushe kamar tuwon jiya, na shafa sabo da na yi ajiya tun Damagaram, siriri, da gefen katin waya. Na ɗaure wata fanka da na ciro daga mataccen inji da wayar ƙarfe, tana hura kai tsaye. Na sa Isufu ya kawo tasa fankar ta tsaye ya kafa a bakin injin, muka rataya jiƙaƙƙen buhu a taga yadda ake yi wa randa. Zafi aka ce in tsare, na kuwa tsare shi ta ko'ina.

Ina cikin haka Isufu yana ta zuba. Ya ce diskin ya kusa cika, akwai biki huɗu da ba a dafa ba, akwai kuma wani aikin garka, wato lambu, na wani Alhaji a Ɗan Barto da ya yi wata guda a ciki, tsohon ya ce ba gaggawa. Na ji shi da kunnena. Na ce ya rufe baki ina lissafi. Da radiyo ce, da na zaro kaset na sa masa a hannu tun ban taɓa ƙusa ba, haka na yi shekara da shekaru. Amma a ordinatar ba ka ganin kaset. Ƙarfe ne murabba'i, shiru, sai ka manta akwai kayan mutane a ciki.

Kuran na zuwa na tayar da injin na shiga shuɗin allon nan na biyos, inda ake saita inji. Lambar tana ɗari da talatin da uku. Na mai da ita ɗari da arba'in, na fita, ya tashi. Na ɗora yatsa a ƙarfen da ke kan furosesa, na ƙirga biyar, lafiya. Ɗari da hamsin, ya tashi. Na ƙirga biyar. Sai na yi tsalle zuwa ɗari da saba'in, allo ya yi baƙi ƙirin, ko ƙara babu. Isufu ya dafe kai ya ce Injiniyan Gwangwani ya kashe masa abinci. Ban kula shi ba. Akwai wani ɗan ƙaramin abu a kan kart mer kamar ƙwayar masara, kabaliye muke ce masa, in ka zare shi ka matsar gefe ka mayar, inji ya manta duk abin da ka gaya masa. Na zare shi da hantsakin cire ƙaya, na mayar, injin ya farfaɗo. Na tsaya a ɗari da sittin. Muka ɗora bikin 'yar wani mai rake, muka zauna muna kallon layi. Awa biyar cif ya gama. Faifan na fitowa da kamar minti ashirin, fitila ta mutu.

Isufu ya fita da faifan a sama yana nuna wa masu shayi. Ya ce Lawali ya yi wa kuran wayo. Kafin sati, labari ya kai Kance wai na iya mai da jaki doki. Mai buga takardu ya zo a yi masa, mai foto ya zo, na ce su bi layi. A rayuwata ban taɓa jin sana'a ta yi mini daɗi kamar kwanakin nan ba, kuma ba zan yi muku ƙarya in ce ba na tuna su.

Alhaji Haruna, shi ne mai garkar nan, ya rasu a kwana na goma sha biyu. Sai a lokacin na san abin da ke cikin aikin. Shi da ƙanensa marigayi garkarsu ta rake ɗaya ce tun ta ubansu, suka raba da baki, ba takarda. Rijiyar da ke shayar da ita tana kusa da iyaka, kuma ƙanen ne ya haƙa ta a ɓangarensa. Ƙanen ya mutu ya bar matarsa Inna Rabi da yara uku. Alhaji ya san halin babban ɗansa Sabi'u, ya kuma san jikinsa ya fara ƙi. Bai so ya tara mutane ya kunyata ɗansa yana raye. Sai ya kira Isufu su biyu kawai, ya taka iyakar da sandarsa, yana faɗin inda ta bi, ya tsaya a bakin rijiyar ya faɗi mai ita. Ya gaya wa Inna Rabi ta kwantar da hankalinta, maganar tana cikin inji a Matameye.

Bayan sadakar bakwai Sabi'u ya kafa shingen ƙaya ya sa rijiyar a nasa. Inna Rabi ta hau motar kasuwa ta zo wurin Isufu. Ranar ce ta goma sha tara. Isufu ya buɗe aikin, hoton ya fito dabbare-dabbare, kore da ja, ya tsaya cak. Ya kashe ya kunna, injin ya ce bai san diskin ba. Ya aiko a kira ni. Abu na farko da na yi shi ne ɗora yatsa a kan furosesa. Sanyi ƙalau, har goma na ƙirga. Na mai da lambar inda take, na cire diskin na sa a wani inji, ba abin da ya fito sai sunaye marasa ma'ana. Na tambayi Isufu kaset ɗin. Ya ce an ɗauki aure biyar a kanta tun daga lokacin.

Inna Rabi tana zaune a bakin ƙofa a kan tabarma, ta rufe ƙafa da mayafi, tana bin hannuna da ido. Da ta ga na ajiye turnabis sai ta ce, “Malam, ni ban san kan abin nan ba. Alhaji dai ya ce yana ciki. In ba ya fitowa ta gaba, a buɗe ta baya a ciro mini shi, ko ba hoto, muryar ta isa.”

Na ce, “Inna, ba a ciro shi haka.”

Ta ce, “To yaya ake ciro shi?”

Isufu ya kalle ni, ni na kalli ƙasa.

Wata biyu bayan haka wani mushe mai koyar da lissafi a Damagaram ya yi mini bayanin abin da ke shafin da ya tafi da naman wani. A irin waccan kart mer agogo ɗaya ne ke ba kowa lokaci. In ka ƙara wa furosesa gudu, ka ƙara wa hanyar da ke kai rubutu cikin diski, ita kuwa ba a yi ta don haka ba. Kamar mai rubuta wasiƙa ne da kake yi wa shifta da sauri: ba zai ce ka dakata ba, zai dai riƙa tsallake kalma yana sa wata a wurin wata. Kwana goma sha tara diskin yana ɓata kansa kaɗan-kaɗan, har ya ɓata shafin da ke nuna inda kowane aiki yake. Ni kuwa ina can ina jiƙa buhu.

An zauna gaban maigari. Isufu ya je ya ba da shaida, Sabi'u ya ce mutum ɗaya ne, kuma wanda aka biya. Aka tambayi Isufu ta wane gefen giginya iyakar ta bi, ya ce shi a cikin gilashi yake kallo, ba zai rantse ba. Dattawan da suka san rabon farko duk sun riga Alhaji tafiya. Aka ce rijiya ta zauna inda shinge ya sa ta, Inna Rabi ta riƙa ɗiba in Sabi'u ya gama ban ruwa. Wanda ya san rake ya san abin da wannan ke nufi. A bazarar nan nata ya bushe a tsaye.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Waɗanda suka ce na mai da jaki doki su ne suka ce hannuna yana cinye aiki. Mai buga takardu ya riƙa ɗaukar injinsa a mota har Damagaram don kada in taɓa. Iyayen amare huɗu suka tasa Isufu gaba, ya sayar da kamerar ya tafi Agadas, bai yi mini sallama ba, har yau kuma ba mu sake zama wuri ɗaya ba. Na koma gyaran tocila da radiyon tsofaffi, ina liƙa eriya. Wasu da ko turnabis ba su iya riƙewa ba suka buɗe butik a gabana da allon suna mai fenti, mutane suka koma can. Da rani ya yi, 'yan'uwan Inna Rabi suka haƙa mata wata rijiya a can ƙarshen garkar. Na je na yi kwana huɗu ina jan ƙasa da guga. Ba ta ce mini sannu ba, ni ma ban jira ba. Ruwan wurin ba shi da yawa, yana janyewa tun kafin zafi ya tsananta. Ta bar rake ta koma ɗan albasa da yakuwa, babban ɗanta ya bar lakwal ya shiga Najeriya neman aiki.

Na san abin da za ku ce. Injinan yanzu an raba musu agogo, diski ba ya jin abin da aka yi wa furosesa, kuma in zafi ya yi yawa inji na kashe kansa. Na san wannan kafin ku. Na kuma san ba wanda ya taɓa shigowa nan a cikinku ya fara da gaya mini abin da ke cikin injinsa. Jiya ma wani ya kawo na yayarsa, da duk takardun karatunta na shekara uku a ciki, wai ƙwallo na yi masa nauyi. Da na ce ya je ya kawo abin da za a juye su tukuna, ya ce Baba kai dai ka cika dogon zance.

Diskin Isufu yana wurina, ya bar shi a kan tebur ranar da ya kwashe kayansa. Na yi kusan shekara ina bin sa da duk wata dabara da na samu, in kuran ya zo in ɗora, in ya ɗauke in jira gobe. Na tsamo guntayen rawa, hannun wata amarya da lalle, rabin fuskar wani liman. Daga aikin Alhaji Haruna abu ɗaya ya fito lafiya, daƙiƙa arba'in, can ƙarshen kaset, bayan ya gama duk maganar da ake nema. Na kai wa Inna Rabi a kan faifai. Ta kalla sau ɗaya a gidan maƙwabta ta dawo mini da shi, ta ce in riƙe, ni ya fi wa amfani.

Duk wanda ya ƙara zuwa neman ƙarin gudu, zan zaunar da shi a benci ya kalla tukuna, in ya so sai mu yi magana. Tsoho ne da farar riga a bakin rijiya, rake kore shar a bayansa. Ya jingina sandarsa, ya ɗebi ruwa a guga da tafin hannu ya sha, ya shafa sauran a fuska. Sai ya ɗago ya kalli kamera ya ce, “Yaro, ya ɗauka kuwa?”

Ana jin muryar Isufu daga baya, yana dariya: “Ya ɗauka, Alhaji. Wannan ba kamar takarda ba ne, ba ya ɓata.”

Tsohon ya gyaɗa kai, ya ɗauki sandarsa. Ya ce, “To madalla. Na sauke.”